Lalube a Bakin Ƙofa

Shekara shida Dogo ya yi a gidan yari, a can ya koyi ɗinki. Malamin da ke zuwa koya musu karatu duk Laraba, shi ya kama hannunsa ranar da ya fito, ya kai shi shagon wani tela amininsa.

"Sati ɗaya zan gwada shi, Malam," in ji mai shago. "Ko allura ta ɓata, sai dai ka yi haƙuri."

To, shagon nan dama rariya ne. Zare na ɓacewa, zif na ɓacewa, ba a san mai ɗauka ba. Teloli ukun da ke ciki sai murna, Allah ya kawo wanda za a ɗora wa. Babbansu, Mai Tumbi, har dafe aljihu yake in Dogo ya gifta. Abin na cin ran Dogo, amma ya duƙufa kan kekensa.

Da aka tashi aiki, ya jera almakashi, allurai da alli a teburin mai shago, ya je bakin ƙofa ya ware ƙafafu, ya ɗaga hannuwa sama.

"Lafiya, Dogo?"

Kunya ta rufe shi. "Yi haƙuri, maigida. A can ba a fita ɗakin ɗinki sai an lalube mutum. Sabo ne."

Mai Tumbi ya bushe da dariya. "Ai gara a lalube shi ɗin!"

Mai shago ya lalube shi. Carbi kawai ya samu.

"Kai, tsarin nan ya yi mini! Dogo, kai ka san kan aikin. Ku jeru ya lalube ku."

Wayyo Mai Tumbi! Wanda aka shekara shida ana lalubewa ai ya san maɓoya. Cikin hula, zif biyar. Ƙugun wando, zare. Cikin safa, maɓallai har da na sutturar amarya.

"Wallahi mantuwa ce, maigida!"

"Mantuwa har cikin safa?"

Mai shago ya ciro makulli ya danƙa wa Dogo. "Daga yau kai ne mai buɗewa da rufewa."

Washegari da hantsi mai shago ya iso, ya tarar da shago a kulle. Ga Dogo tsaye a bakin ƙofa tun sassafe, hannuwa a baya, yana jiran a buɗe masa kamar yadda ya saba a can.

Dariyar da ta taso wa mai shago ta maƙale. Ya dafa kafaɗarsa.

"Makullin yana aljihunka, ɗan'uwana. Buɗe mana."