Hannun da Ya Yi Ɗinkin Farko

Tela ta tarar da Dogon Likita yana cusa littattafai a kwali, ofishinsa kaca-kaca. Ko sallama ba ta yi ba.

"Likita, da gaske tafiya za ku yi?"

"Da gaske ne, Mama. Ƙarfe huɗu jirginmu zai tashi," ya ce da Hausarsa mai gargada.

Shekara uku ke nan da ƙasarsu ta aiko su, su tara, suna duba marasa lafiya suna koyar da likitocin gida. Shekaranjiya gwamnatocin biyu suka yi cacar baki kan abin da bai shafi kowa a asibitin ba, aka ce baƙi su tattara nasu ya nasu. Ga shi gobe ne za a yi aiki na biyu a ƙafar 'yar Tela da mota ta take. In makon nan ya wuce ba a yi ba, sai yankewa.

Tsoro ya cire wa Tela kunya. Ta zube ta kama ƙafar wandonsa.

"Kwana ɗaya tak, don girman Allah. Ita kaɗai gare ni."

"An soke takarduna, Mama. Amma ga wadda za ta yi aikin."

Wata ƙaramar likita ce tsaye bakin ƙofa, rungume da fayil. Tela ta san ta sarai, autar mai wanki ce ta layinsu.

"Inna, ina wuni," in ji yarinyar.

"Wannan? Ni na ɗinka mata kayan firamare. Wata biyu ta yi a shagona, kalmasa ta gagare ta. Ba a kan 'yata za a koyi aski ba."

Dogon Likita ya durƙusa daidai fuskarta.

"Ɗinkin aikin farko, kin duba shi?"

"Na duba. Shekara talatin ina riƙe allura, ban taɓa ganin mai kyansa ba. Shi ya sa nake roƙonka."

"Ba ni na yi ba. Tsayawa kawai na yi, hannuna a baya."

A waje direba ya danna oda. Likitan ya ɗauki kwalinsa ya fita, babu wanda ya tare shi.

Tela ta daɗe tana kallon yatsun yarinyar. Sannan ta goge ido da gefen mayafi.

"Miƙo takardar amincewa da aikin in sa hannu," ta ce. "Kuma kar ki ja zaren da yawa, kin ji, 'yar nan?"