Layi na Goma Sha Bakwai

Sai da Madam Halima ta sauke dosiye huɗu na takardu daga saman kabad kafin ta kai ga wadda nake nema. Ta ajiye ta a gabana, ta ce a nan zan karanta, ba a fita da ita. A bangon dosiyar an rubuta sunan ƙungiyar masuntan tabki da shekarar kafa ta, 1992.

Ba don kaina na je ba. Maƙwabcina Ɗan Baba ne ya aike ni, yana kwance kwana goma sha ɗaya da kumburin ciki. Shekara arba'in ya yi yana su a tabkin Madarumfa. Da aka kafa ƙungiyar aka raba kati, aka ce marar kati ba ya jefa koma. Duk masuntan unguwarmu sun samu, ban da shi. Ya yi taurin kai ya shiga ruwa, 'yan ƙungiya suka karɓe komarsa a gaban jama'a. Tun ranar bai sake taka bakin tabki ba.

Shekara biyu yana neman abu ɗaya: wa ya cire sunansa. Lawali, furzidan, wato shugaban ƙungiyar, ya ce daga sama takarda ta zo. Sarkin ruwa ya ce shi yanzu ba a shawara da shi. Sai Ɗan Baba ya bi hanyar da ya sani. Duk Litinin ya sa wankakkiyar riga, ya ƙunsa busasshen kifi na gaisuwa, ya zauna gindin dogon yaro a ƙofar biro, ofishin hukuma, yana jiran ganin kwamanda mai mulkin yankin ido da ido. A wurinsa magana irin wannan ta wuce ƙananan ma'aikata. Bai taɓa tambayar Madam Halima da ke buga takardu a bayan taga ba, alhali kowane mako yana gaishe ta.

"Da ni ya tambaya, da tuni," in ji Madam Halima. "Kowace ƙungiya nan take aje takardunta. Ni na zaci kifin yake saidawa."

Sunan yana shafi na uku, layi na goma sha bakwai. An buga shi, daga baya an soke da jan biro. A gefe an rubuta da Faransanci cewa ba ɗan gari ba ne, mutumin Jibiya ne, tsallaken iyaka. Ƙarƙashin wannan akwai dangwalen yatsa da sunan shaida: Isa Mai Gora. Na kwafe layin a littafina.

A Madarumfa aka binne cibiyar Ɗan Baba. Jibiya cin rani yake zuwa, kamar rabin garin. Isa ya fi kowa sani, don rana ɗaya aka yi masu kaciya, kuma lungu ɗaya suke su a gabashin tabki. Lungun yanzu na Isa ne shi kaɗai.

Da na koma na tarar da Isa a ɗakin yana yi wa majinyacin fifita. Na jira ya fita sallar azahar.

"Maƙwabci, an samu?" in ji Ɗan Baba.

Na faɗa masa. Ya sa na maimaita. Ya tambaya ko na ga yatsan da idona, na ce na gani.

Ya sha gaya mini yana da "Allah ya isa" guda ɗaya a ajiye, ba zai sake ta kan wanda bai ji ba bai gani ba. Na zauna ina jiran ya sake ta. Bai yi ba. Matarsa Mariama ya kira, ta durƙusa bakin gado. Ya ce tun suna samari shi da Isa suka yi alkawari, wanda ya riga mutuwa ɗayan ne zai wanke shi, kuma duk unguwa ta san da wannan.

"Kada hannun nan ya taɓa ni," ya ce. "Kuma kada ki hwaɗa mashi yanzu. Bari sai ya zo da ruwa nai."

Kwana uku ya ƙara. Isa yana zuwa safe da yamma. Ɗan Baba ya sha kunu daga hannunsa, har ya tsokane shi cewa ya tsufa, ludayi ma rawa yake a hannunsa. Isa ya yi dariya, ya ce ya tashi su yi kokawa a gani.

Ranar Alhamis da hantsi ya cika. Kafin awa guda zaure ya cika da masunta, har da Lawali. Isa ya iso hannun riga a naɗe, da bokitin ruwa da ganyen magarya a ciki, idanunsa jajur. Mariama na tsaye bayan asabarin ƙofar shiga gida.

"Matarmu, ba ni hanya in cika alkawali."

"Ai baƙo ne, Malam Isa," ta ce, ba ta ɗaga murya ba. "Mutumin Jibiya. Kai ka shaida, ka dangwala. Mi ya haɗa ka da gawar baƙo?"

Sannan ta ce in karanta masu. Na buɗe littafina na karanta layin da Faransanci, na fassara shi da Hausa, na faɗi inda takardar take da sunan wadda za a tambaya. Lawali ya sunkuyar da kai. Liman ya ce a yi haƙuri, rana ce ta yafiya. Mariama ta ce wasiyya ce, da shaida. Liman ya dube ni, na ce haka ne.

Isa ya buɗe baki, ya ce a lokacin an ce guraben katin ba su isa ba. Ni da liman muka shiga muka yi wankan da ruwan randar gidan.

A hanyar maƙabarta ana ta karɓa-karɓar makara. Sau biyu Isa ya matso da kafaɗarsa, sau biyu wani ya riga shi shiga gurbin. Daga nan ya koma can baya.

Da muka dawo bokitin na nan a ƙofar zaure inda ya ajiye shi. Ganyen ya kwanta a ƙasan ruwa, wata akuya ta sa kai tana sha.