Jarkar Shitu a Cikin Ƙanƙara

Ƙafafun Shitu mahauci sun kumbura har takalmin roba ya daina shiga, likita ya ce sai an auna ƙodarsa. Yasmin, ma'aikaciyar ɗakin gwaji, ta miƙa masa jarka.

"Baba, fitsarin farko na safe ka zubar. Daga nan duk wanda ya zo, nan ciki, har na farkon safiyar gobe. Ko sau ɗaya ka tsallake, sai a sake daga farko. Kuma a wuri mai sanyi za ta zauna."

Wuri mai sanyi a kwata, a Agege? Guda ɗaya Shitu ya sani: kular ƙanƙarar da shi da maƙwabcin teburinsa, Salissou mutumin Maraɗi, ke ajiye kayan ciki. Ranar da ya fara tarawa, ya naɗe jarkar a baƙar leda ya tura can ƙasa. Da ya buɗe baki ya yi bayani, da an huta. Amma dattijo da gemunsa ya ce wa mutum ga fitsarina? Kunya ta hana shi.

Bayan la'asar Salissou ya sa hannu neman hanta, ya ciro ledar, ya kwance murfin ya shinshina.

"Najasa cikin nama! Alhaji, asiri kake mana ka janye ciniki?"

Kafin Shitu ya ce asibiti, mari ya sauka. Mahauta kuwa ba su iya faɗan wasa ba. Wani ya kwaɗa masa ƙashin cinyar bijimi a ƙeya, wani ya taɗe shi cikin jini da tumbi. Ga wuƙa a ƙugunsa, bai ko taɓa ta ba. Jarkar ya fizge, ya murɗa murfin, ya kifa ciki a kanta kamar kaza kan ƙwai. Duk shurin da aka kai, a bayansa ya sauka, daidai kwiɓi. Sai da Ƙasimu shugaban mahauta ya shigo da dorina sannan aka watse.

Washegari da rarrafe Shitu ya shiga banɗaki, amma ransa fari, ko ɗigo bai zube ba. Fitsarin ƙarshen ya fito jajir. Ya rintse ido ya zuba shi ciki, tunda an ce kada a tsallake.

A asibiti Yasmin ta ɗaga jarkar ta ga launin, sannan ta ɗaga rigarsa ta ga bayan.

"Innalillahi! Baba, wannan ba ya aunuwa, jini ya shiga. Ƙodar da muke son dubawa ce suka daka. Kwanta in kira likita."

Shitu ya ƙi sakin hannun jarkar.

"'Yata, duba dai. Wallahi ban tsallake ko ɗaya ba."