Kwana Goma Sha Biyu a Masar

"Soke Aswan," in ji Malam Zainul Abidin.

Na ɗaga biro na tsaya. Yana kwance a kan katifar da aka shimfiɗa masa a ƙasa, ciki ya kumbura, idanu sun yi ɗorawa. Muryar ce kawai ba ta canza ba, wadda ya yi shekara talatin yana kora 'yan sakandare da ita su zagaye fili.

"Malam, jiya fa ka ce a can za a shiga kwalekwale."

"Jiya ke nan. Yau nawa ga wata?"

"Sha biyar ga Mayu."

"To, kwana biyu sun tahi. Soke shi, Bilya."

Na ja layi a kan Aswan a takardar tsarin tafiya, raina a ɓace.

Katangarmu ɗaya da su Malam a Kankia. Ni ina da shagon buga takardu a bakin tasha, kuma duk wanda ya san ni ya san ba na shiri da tafiyar ƙafa. Ko masallacin Juma'a a babur nake zuwa. Shi kuwa Malam, mutumin Yashe, tsohon malamin wasanni ne, zama ciwo ne a wurinsa. Da an sallame Asuba sai ka gan su shi da matarsa Inna Haulatu sun miƙi hanyar Kusada, ita da hijabi har ƙasa da takalmin kambas, shi da gorar ruwa. Da farko gari ya yi ta dariya. Ni kaina na sha tambayar su ko wani abu suka yar a hanya da har yau ba su tsinta ba. Inna Haulatu takan dubi tumbina ta ce, "Kai ma ka biyo mu, ko ka yar da wannan."

Tafiyar da dalilinta. Inna Haulatu ba ta taɓa wuce Kano ba. Shekara goma sha ɗaya ta yi tana jinyar mahaifiyar Malam, ko biki ba ta kwana. Da tsohuwar ta rasu, Malam ya yi mata alkawari zai kai ta ta ga duniya. Autansu Mudassir yana karatu a Alƙahira, kuma takardar zamansa za ta ƙare ranar talatin ga Satumba, ya dawo gida gaba ɗaya. Saboda haka suka sa rana: sha takwas ga Satumba su tashi daga Kano, su yi kwana goma sha biyu, su dawo tare da yaron.

Ni na buga musu tsarin tafiyar, ba sau ɗaya ba, ba sau biyar ba. Kwana uku a Alƙahira, biyu a Iskandariya bakin teku, biyu a Luksor, biyu a Aswan, ukun ƙarshe na hawan Dutsen Ɗuri Sina. Sun fi wata suna gardama a kan jerin. Malam yana so a fara da dutsen tun da sauran ƙarfi, ita ta ce a ajiye shi a ƙarshe don ƙafa ta saba. Ita ta ci. Mudassir yana turo lokutan jirgin ƙasa ta waya, ni ina gyarawa ina mita. Fasfo biyu suka fito, sababbi fil.

A watan Maris Malam ya fara tsayawa a hanya yana dafe gefen ciki. Aka kai shi asibiti a Katsina, aka ce hanta ce, kuma ta yi nisa. Bayan mako uku likita ya ce a koma gida.

Ranar da ya fara kira na, na ɗauka wasiyya zai ba ni in rubuta. Sai da ya tabbata Inna Haulatu ta shiga madafa sannan ya ce in ciro waya in buɗe kalanda.

"Takaba wata huɗu ce da kwana goma, ko? Ƙirga mini baya daga sha takwas ga Satumba."

Na ƙirga. Ƙirgar ta faɗa a kan sha uku ga Mayu. Sai da na faɗi ranar sannan na gane abin da yake nufi. In ya rasu kafin ranar, matarsa za ta fita takaba a kan kari, ta iske ɗanta a can, su yi kwana goma sha biyunsu cur. In ya wuce ranar, duk kwanan da ya ƙara a duniya daga tafiyarta za a cire shi.

"Subhanallahi! Malam, wannan wane irin lissafi ne?"

"Ba mutuwa nike roƙo ba, Allah shi kiyaye. Ƙirga kurum nike. In yaron nan ya dawo, wa zai kai ta? Ƙannena? Za su ce ta zauna ta yi ta jan carbi. Ita ke nan da tsakar gida har nata ya zo."

Ya sa na cire sunansa daga takardar, ya sa na yi alkawarin ba zan gaya mata ba. Ya kira Mudassir ya ce ko me ya ji kada ya taso, ya tsaya ya jira uwarsa.

Sha uku ga Mayu ta zo ta wuce, Malam yana nan. Shi ne ranar sha biyar muka soke Aswan. Ranar sha bakwai Luksor ta bi. Zafin bazara ya cika ɗakin, ba wuta, langa-langan rufi yana ƙara a samanmu. Taga ɗaya ce, ita ma katangar gidana take kallo. Mutumin da ba ya iya zama a kujera minti goma, yanzu sai an juya shi. Kullum bayan La'asar in shigo da takardar a aljihu kamar ɓarawo, ya tambaye ni kwanan wata, ya rufe ido yana motsa yatsu. Na tsani aikin nan. Akwai ranar da na iske ya sha kunu rabin kofi, na yi murna, shi kuwa ya kalli kofin kamar ya yi laifi.

Ranar sha tara ya ce, "Iskandariya."

"A'a, Malam. Teku fa. Ita ce ta fi so."

"Dutsen take wa atisaye shekara biyu. Soke."

Ban kai ga sa biro ba labule ya ɗaga. Inna Haulatu ce da kwanon ruwa da tsumma. Ban san tun yaushe take tsaye ba. Ta ajiye kwanon ta miƙo hannu, ni kuwa ban iya hana ta ba. Ta karanta a tsaye, ta ga sunanta shi kaɗai a sama, ta ga layukan da na ja, ta ga kwanakin da na rubuta a gefe da ƙananan baƙi. Ba ta tambayi kowa ma'anarsu ba.

"Bilya, kai ma da kai?"

Na sunkuyar da kai. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba.

Ta durƙusa a gefen katifar. "Malam, ashe kwana kake ƙirga mini? Ina nan ina roƙon Allah ya ƙara maka ko yini ɗaya, kai kana nan kana jin haushin wayewar gari?"

"Alkawari na yi miki, Haulatu."

"Mu biyu ka ce."

"Kowace rana na ƙara, ke nike cirewa."

"To, cire. Cire duka." Ta juyo gare ni. "Ba ni biron nan."

Na ba ta. Ta ɗora takardar a cinya ta soke Iskandariya, ta soke Alƙahira, ta zo kan dutsen ta ɗan dakata, sannan ta ja layi har biro ya huda takardar. Ta ajiye a gefen matashinsa.

"Shi ke nan, ba sauran abin ƙirgawa. Yanzu ka sha kunu."

Malam ya juya fuska bango. Kafaɗunsa suna rawa. Na tashi na fita ba sallama, na zauna a dakalin ƙofar gidana har aka kira Magariba.

Daga ranar bai sake tambayata kwanan wata ba. Ina zuwa in gaishe shi, in iske ta tana matsa masa ƙafafu, suna hirar mutanen da suke gamuwa da su a hanyar Kusada, da wani kare da ya taɓa bin su har gari. Wani lokaci ya yi dariya, wani lokaci ya zuba wa tagar ido. Ban san ko ya haƙura ba ne, ko a zuci yake ci gaba da lissafinsa.

Ya rasu ranar biyu ga Yuni da hantsi, kwana ɗaya bayan ruwan farko. Muka kai shi bayan Azahar, ƙasa da danshi. Mudassir ya yi kuka a waya ya ce zai taso, uwarsa ta ce ya tsaya ya ƙarasa jarrabawarsa. Inna Haulatu ta shiga takaba, ƙofar gidan ta koma a rufe.

A tsakiyar Satumba matata Zuliha ta dawo daga wurinta da saƙo: wai in tsarin farko yana nan a kwamfuta, in buga mata, mai suna biyun. Na buga, Zuliha ta kai.

Ranar ashirin da biyu ga wata na fito da safe zan tayar da babur, sai na ga ƙofarsu a ɗan buɗe. Tana zaune a kan kujera 'yar tsugunno daga cikin zaure, da takardar a ninke a hannu, yatsun ƙafarta daidai dokin ƙofa. Saura kwana goma sha shida ta fita, saura kwana takwas Mudassir ya dawo. Na gaishe ta daga nesa.

"Bilya, idona ba ya ganin ƙananan baƙin nan. Yau da ina muke?"

Ban buƙaci duba takardar ba. "Iskandariya, Inna. Kwana na biyu."

"Bakin teku?"

"Bakin teku."

"Duba mini a wayarka, akwai zafi can?"

Na duba. "Da sauƙi. An ce akwai iska."

Ta gyaɗa kai, ta daɗe tana kallon ɗan abin da ƙofar ta bar mata na titi. Wata mai nono ta iso da ƙwarya a ka, ƙafafunta duk laka, ta yi sallama. Inna Haulatu ta janye ƙafafunta ciki ta ba ta hanya.