Yara Uku Kafin Litinin

Yara bakwai ne suka rage wa Nikhat, wadda yaran ke kira Apa, wato Yaya, a ajin Urdu, doka kuwa ta ce goma. Shugaban makaranta ya gaya mata ba kwana-kwana: in safiyar Litinin ta yi babu sababbin sunaye uku a rajista, za a rufe ajin, a mayar da yaran ajin Hindi, ita kuma ta ƙarasa shekarunta na aiki a ofis tana buga hatimi. Shekara ashirin da shida tana koyarwa a ɗakin nan na bayan kasuwar Aminabad.

Shi ya sa ranar Lahadi da azahar ta saɓa rajistar a hammata, ta hau keken haya na rikisha zuwa gidan Hakim Zamir, inda manyan masoya Urdu na Lucknow suka taru don su gano inda aka haifi harshen. Bara ma sun taru sun nema, bara waccan ma haka. Ba su gano ba, amma an ci nama.

An shimfiɗa farin ƙyalle a zaure, an jera matasai, kowa ya harɗe yana tauna ganyen paan mai rina baki kamar goro. Farfesa Cheema, baƙon da ya zo daga Lahore da bizar kwana biyar, shi ke magana.

"A Punjab aka haife shi!" in ji shi, yana dukan matashi. "Sojojin Sarki sun yi shekara kusan ɗari biyu a Lahore kafin su san hanyar Delhi. Da hannu suke ciniki a kasuwa? Yau kuma wace ƙasa ce ta ɗora shi a kan tutarta, ta mai da shi harshen ƙasa? Mu!"

"Kun ɗora shi, kuna komawa gida kuna zagin 'ya'yanku da Punjabi," in ji Dakta Basharat, wani siririn mutum daga Hyderabad ta kudu. "Janab, ranka ya daɗe, a kudu aka fara rubuta littafi da shi, lokacin da mutanen Delhi ke jin kunyar a gan su da shi."

Hakim Zamir ya tofa jan yawu a kasko, ya share gemu.

"Ku yi ta faɗa a kan ɗakin haihuwa. Da ƙazanta ya zo mana. Lucknow ce ta yi masa wanka, ta koya masa gaisuwa. Wanda ya rena shi ne uba."

Zaure ya ɗauki sowar yabo ta "Wah! Wah!" har da waɗanda barci ya fara ɗiba. Nikhat tana zaune a gefen mata tana kallonsu, haushi yana cin ta. Ta san su ɗaya bayan ɗaya. Ta san motar da ke ɗaukar jikokin kowannensu da safe, ta san kuma ba ƙofar makarantarta take tsayawa ba. Awa uku suka yi kowa yana jan harshen nan kamar ƙafar akuya a mahauta, babu wanda ya saki ko da kofato.

Da aka shigo da shayi sai ta miƙe, ta ɗaga hannu zuwa goshi ta gaishe su, ta faɗi abin da ya kawo ta. Ba ta tsawaita ba. Yara uku, kafin gobe da safe. Ta durƙusa ta ajiye rajistar a gaban mai gida, ta ɗora alƙalami a kai.

Hakim Zamir yana da jikoki tara, huɗu daga cikinsu suna tsakar gidan nan suna ihu da Turanci. Ya dubi rajistar, ya sa hannu biyu ya ɗauke ta cikin ladabi, ya sumbace ta, sannan ya miƙa wa na damansa.

"Ni wa, da zan riga baƙo? Farfesa, ku fara. Ai mun ji hujjojinku, ku ne iyayen harshe."

Duk wanda ya tashi a Lucknow ya san ba a shiga ƙofa a gaban wani, ba a kai hannu akushi a gaban wani. Sai a tsaya ana "ku fara", "a'a, ku fara", har abinci ya huce. Nikhat da kanta ta koya wa yara wannan ɗabi'a, tana alfahari da ita. Ba ta taɓa ganin an yi garkuwa da ita ba sai ranar.

Farfesa Cheema ya dafa ƙirji.

"Wallahi da jikokina a nan suke, da duka na ba ki, 'yar'uwa. Amma suna Toronto. Kuma gaskiya, Dakta ya fi ni hujja. Littafin farko ai ba wasa ba ne."

Dakta Basharat, wanda ɗansa ke zaune a unguwar nan da 'ya'ya mata biyu, ya karɓa kamar an miƙa masa garwashi.

"Astagfirullah! A garin Hakim Sahab, a kan shimfiɗarsa, in fara sa hannu? Ai wanda ya rena shi ne uba, yanzu muka ji daga bakinsa."

"Tawali'unku ya yi yawa, Janab," in ji Hakim Zamir.

"A'a, girmanku ne."

Haka rajistar ta zaga zauren. Mutum talatin da wani abu, kowa ya karɓa da hannu biyu, ya yaba kyawun rubutun Nikhat, ya miƙa wa wanda ya fi shi cancanta. Harshen da aka kusa cin kwalar juna a kansa ɗazu, yanzu kowa rantsuwa yake na maƙwabcinsa ne. Wani tsoho ma har da hawaye. Da ta dawo hannunta, abin da ya ƙaru a shafin ɗigon shayi ne kawai.

"Hakim Sahab," in ji ta, "ba sa hannun girmamawa nake nema ba. Yaro nake nema mai zama a benci."

"Beti, 'yata, kwantar da hankalinki," in ji shi. "Urdu ba ya mutuwa. Harshen da ya ga bayan sarakuna, wani shugaban makaranta ne zai kashe shi?"

Aka sake "Wah! Wah!" Nan take suka zartar da ƙuduri mai zafi na yin tir da gwamnati, kowa ya sa hannu, a wannan karon har da ture juna. Sannan suka kira ta gaba, suka yafa mata mayafin shal mai ruwan ƙasa, suka ba ta laƙabin Baiwar Urdu, aka ɗauki hoto. Ta tsaya a tsakiyarsu tana jin ƙyamarsu har cikin haƙoranta.

Litinin da safe shugaban makaranta ya buɗe rajistar, ya ƙirga da yatsa duk da ya san adadin, ya rufe. Ya miƙo hannu ta ba shi mabuɗin ajin.

Yaran bakwai suna tsaye a bakin ajin da jakunkunansu. Rafat, babbarsu, wadda ta fi kowa kyawun rubutu, ta tare ta.

"Apa, an samu? Kin ce can ne masu harshen suke."

"Suna can," in ji Nikhat. "Ku ɗauki bencinku, ku bi ni. Ajin Hindi babu wurin zama."