Rabon Wuƙa

Ramla ba ta daɗe da tura aikin ba Sabo ya kira daga maɗaba'arsu ta Kano, ƙugin inji yana cinye rabin maganarsa.

"Malama Ramla, kin kuma ko? Kin cika takarda da hoto har baki. Sau nawa zan ce ki riƙa bar wa wuƙa rabonta? In mun buga sai mun datse gefe huɗun nan. Waccan yarinyar ta ƙarshen hagu, ai ko kunnenta ba zai rage ba."

Ramla ta danne wayar a kunne, ta saci kallon dattijon da ke zaune a benci. Kalandar saukar Alƙur'ani ce ta wata Islamiyya a Kiru, aka kawo shagonta na kwamfuta a Kwanar Dangora ta tsara. Yarinyar ƙarshen hagun sunanta Lubna. Bayan ɗaukar hoton zazzaɓi ya kwantar da ita, ba ta tashi ba. Dattijon kuwa mahaifinta ne, Malam Badamasi, wanda ya baro gonarsa ya hawo babur don an ce masa hoton yana nan.

"Allah ya yi mata rasuwa," Ramla ta faɗa ƙasa-ƙasa.

Sabo ya sassauta murya. "Inna lillahi. Allah ya jiƙanta. Ki gyara, zan jira ki zuwa la'asar. In inji ya tashi kuma ba gyara."

Ta ajiye wayar. Malam Badamasi ya matso, yana juya hularsa a hannu.

"Lafiya dai, 'yata?"

"Lafiya lau, Baba. Wai in an buga, ana yanke bakin takardar. To ita kuma a bakin take."

Ya daɗe yana duban hoton. Ɗalibai sun cika shi maƙil, kowa ya turo fuska gaba. Lubna kaɗai ta raɓe a gefe, jikin bangon makaranta, ta riƙe haɓar hijabinta.

"Ba mu da wani hotonta," ya ce. "Da ta ga an ɗaga waya sai ta shige ɗaki. Uwarta ta ce kada in dawo sai na tabbatar tana ciki."

Ramla ta gwada rage girman hoton, sai fuskokin 'yan layin baya suka koma ɗige-ɗige. Su ma da iyayensu. Ta mayar da shi yadda yake.

"Baba, zan iya ɗauko ta in dasa ta a tsakiya, kusa da malamai. Ba wanda zai gane."

"A tsakiya?" Ya ɗan murmusa, idonsa ya kawo ruwa. "Lubnar? Ai uwarta za ta ce ba ita ba ce. Ko tuwo ake ci, a gefen tabarma take zama. Ki bar ta inda ta tsaya."

Ramla ta sake duban hoton. Ita ma a hoton makarantarsu a gefe take.

Ta jawo kujera, ta faɗaɗa filin aikin a kwamfutar. Ta ɗebi launin bangon da ke bayan kan Lubna, ta shiga jera shi a gefenta, kaɗan-kaɗan, daga sama zuwa ƙasa. Ta bi tsagar siminti ta ƙarasa ta, ta shimfiɗa ƙasar da ke ƙarƙashin takalminta. Sauran gefunan ma ta ƙara musu. Motoci suna ta wucewa ta hanyar Zariya, ba ta ɗago ba.

Da aka kira la'asar, bango ya riga ya tsaya a hagun Lubna, faɗin yatsa guda.

Malam Badamasi ya sunkuyo. "Wannan bangon fa? Ai makarantar ba ta kai nan ba."

"Na wuƙa ne, Baba. Shi za ta ci."

Ya gyaɗa kai a hankali, ya sa hularsa. Ramla ta tura wa Sabo aikin.