Sanyin Ƙwallo Mai Lamba Huɗu

Ƙwallon na sauka a tafin hannun Mai shari'a Perpetua Dimaculangan, ta san akwai matsala. Sanyi ƙarara, har da raɓa, kamar yanzu aka ciro ta daga firji.

A kotun ɗaukaka ƙararsu ta Manila ƙuri'a ce ke raba shari'o'i. Ƙwallayen tagulla shida a akwati, kowace da lambar zauren alƙalan da za su saurari ƙara. Shugaban kotu ya zura hannu ba tare da ya duba ba, ƙaramar alƙaliya, wato ita, ta karanta lamba, alƙalai uku su sa hannu. Yau ƙarar gwamnan da aka dakatar ce kan sayen ƙuri'u, kuma ko mai sayar da taliyar pansit a bakin ƙofa ya san zaure na huɗu 'yan jam'iyyarsa ne suka cika shi.

Huɗu ce a hannunta. Ashe sanyin ne ya nuna wa yatsu hanya!

Wanda ya zaro ta kuwa, Shugaban kotu Honorio Salcedo, ba baƙo ba ne. Shi ya koya mata aikin lauya, shi ya tsaya mata a matsayin uba ranar aurenta, shi ya kai sunanta har ta hau kujerar nan. Ninong take ce masa, wato uban aure a harshensu. In ta buɗe baki, kwamitin ladabtar da alƙalai zai ja shi, ga shi saura wata biyar ya yi ritaya. Wallahi ta ji kamar ta yi kuka.

"Karanta mana, 'yata," in ji shi yana murmushi. "Ko lambar ta fi ƙarfin karatunki ne?"

Lauyoyi suka yi dariya.

Ita ba dariyar ce ta dame ta ba. Ƙarfen ya fara ɗaukar zafin hannunta. Minti ɗaya nan gaba babu sauran shaida.

"Ninong," ta ce ƙasa-ƙasa, "a sake jefawa. Don Allah."

"Nan kotu ce, Mai shari'a, ba falona ba. Karanta."

Ta juya ga alƙali na uku, Bayani Ocampo, tsoho mai lallaɓa rayuwa, wanda bai taɓa saɓa wa kowa ba ko a kan zaɓen abinci.

"Mai shari'a Ocampo, taɓa ka ji. Ƙwallon nan da sanyi ta fito."

Magatakarda ya ɗaga yatsunsa daga na'ura.

Ocampo ya karɓa. Ta ga girarsa ta motsa, ya ji, babu tantama ya ji. Sai ya dunƙule hannu. Ya yi gyaran murya. Ya tambayi magatakarda ƙarfe nawa. Ya yi ƙorafin fankar da ke kansa, shi da ciwon wuya. Kai, mutumin nan! Sai da ya gama jan lokacinsa tsaf sannan ya buɗe hannu.

"Ni dai ɗumi na ji, ƙanwata."

Aka turo mata takarda, sa hannu biyu sun riga sun hau. Salcedo ya miƙo mata alƙalaminsa da kansa, ya ce a hankali, "Ki yi tunanin wanda za ki kunyata."

Ta yi tunanin. Sannan ta rubuta a gurbinta: Da sanyinta aka miƙo min, ina neman bincike. Ta sa cikakken sunanta.

Ta mayar masa da alƙalamin. Bai karɓa ba.

"Riƙe shi, Mai shari'a Dimaculangan," ya ce. "Ba ni da sauran abin da zan ba ki."